Ranar da Dodo Ya Roƙi Motarsa Ta Shaƙe

Duk wanda ya taɓa shiga motar Takanamat daga tashar Tawa ya san Dodo direba. Mutum ne mai tsabta har ta yi yawa. Kafin ya karya kumallo sai ya goge farar katkat ɗinsa, motar nan mai cin rairayi kamar raƙumi. Ko asibiti zai je, sai ya yi wanka ya sa turare, kada likita ya gan shi a wulaƙance.

Ya girma da tsofaffin motoci, waɗanda ake gane ciwonsu da kunne. Wannan kuwa ta zamani ce. In abu ya dame ta, wata 'yar fitila rawaya ce ke kamawa a gaban sitiyari, ƙarfinta ya ragu. Dodo ya tsani fitilar nan. Ya gano in ya cire kan batir ya mayar, takan mutu, sai hakan ya zame masa al'ada.

Bana ruwan fari ya sauka Takanamat da yawa. Mutanen garin da suka dawo daga ci-rani suka cika tasha da buhunan irin gero, kowa na son ya yi shuka tun ƙasa na da danshi. Shi ma Dodo gonarsa na can. Ga shi jiya motar ta shaƙe masa a hawa, da ƙyar ya dawo.

Da sassafe ya wanke ta, ya kashe fitilar yadda ya saba, ya kai ta garajin Hamisu, makanikin da ya dawo daga Abijan da wata na'ura da ake kira baliz. Ana jona ta ƙarƙashin sitiyari, ta karanto abin da mota ta riƙe a ƙwaƙwalwarta.

Hamisu ya jona, ya duba, ya ɗago kai.

"Baba Dodo, ka taɓa batir?"

"To, in kawo maka ita da fitila kunne? Mutane su ce mi?"

Hamisu ya dafe kai yana dariya. "Wayyo Baba! Ta ajiye ƙorafinta don ta gaya mini, kai ka goge shi. Yanzu cewa take lafiyarta lau."

"Ƙarya take!"

"To sai mu sa ta ta maimaita. Ina ta saba yi maka?"

"Cikin rairayi, in ta ɗauki kaya."

Nan da nan aka kira fasinjoji, aka loda su da buhunansu. Hamisu ya zauna gaba da baliz bisa cinya, suka nufi wani hawa mai rairayi a bayan gari. Dodo ya taka, motar ta haye sumul. Aka sake, ta haye. Rana na ɗagawa, ƙasa na shan iska, gumi ya jiƙa masa hula.

Mutumin da kullum addu'arsa Allah ya kiyaye hanya, sai ga shi yana bubbuga sitiyari yana lallashi: "Haba 'yar albarka, shaƙe mana! Yau ɗaya!"

"Ka ba ta kunya ne gaban baƙo!" in ji wata tsohuwa, Tanna, daga baya.

A hawa na gaba motar ta yi tari, ta saki jiki, fitila ta kama. Sai kabbara ta tashi, Tanna ta rangaɗa guɗa kamar an yi haihuwa.

"Ta yi magana!" in ji Hamisu. Ya nuna masa harafi ɗaya da 'yan lambobi a fuskar baliz. "Wannan na nufin man gazuwal ba ya isa inji da ƙarfi. Bai faɗi dalili ba, amma mun san inda za mu duba."

Suka koma garaji, Hamisu ya kwance matacin mai. Ga shi baƙi ƙirin, cike da dattin man jarka. Aka sa sabo, aka koma hawan da kaya, ta haye tana gurnani.

Kafin la'asar sun shiga Takanamat. Dodo bai ko tsaya gida ba, ya wuce gona, ya tsuguna ya cusa hannu cikin ƙasa. Da sanyinta. Ya yi hamdala, ya aika a kawo masa sungumi.

Har yau yana wanke motarsa kafin ya kai ta garaji. Fitilar dai yakan bar ta kunne, ya shiga yana kira tun daga ƙofa: "Hamisu, fito da baliz, tana da magana!"