Aina'u Mai Kashe Angwaye

A wani ƙauye kusa da Ɗambatta, inda gonar wannan ke jingine da dangar wancan, Aina'u take koyar da yara a Islamiyya. In an tashi sai ta zauna gindin darbejiyar gidansu tana rubuta labaran soyayya a waya, tana tura wa matan da ke binta a WhatsApp. Suna son ta, suna kuma tsine mata, domin duk angon da ta ƙirƙira sai ta kashe shi. Za ta tsara shi har mai karatu ta ji kamar ta sace shi, a ɗaura aure, a kai amarya, sannan ruwa ya ci shi. Sauran littafin takaba ce zalla: ba kwalli, ba lalle, mata na ta shigowa gaisuwa, amarya na kuka son ranta.

Masu cewa ba ta da imani ba su san Tasi'u ba. Shi ne saurayinta, an sa rana, lefe ma ya iso. Wata damina ya kai shanun huɗa wanka kududdufi, shanun suka dawo su kaɗai. Gari ya ɗunguma gidan su Tasi'u ta'aziyya, ita kuwa ba wanda ya ce mata ko sannu. Budurwa ba ta takaba, kuka a kan saurayi kuma rashin kunya ne. Da hawaye ya zubo mata, Innarta ta mintsine ta, ta ce ta share kada a ce ta zaƙe. Kafin a tashi daga makoki an mayar da akwatunan. Abin da ciwo, kuma ba wanda ya yi laifi, shi ya sa ba ta da wanda za ta kai wa ƙara.

Bayan shekaru Basiru mai sayar da taki ya fito neman ta, mutum mai haƙuri, kuma ta so shi. Sai dai ƙannensa mata masu karatunta ne, suka cika gida da cewa wadda ke binne miji a kowane littafi abar tsoro ce. Bai yi faɗa ba. Roƙo ɗaya ya yi, ta rubuta labari guda da angon zai rayu, ya samu abin rufe musu baki.

Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ta ɗaura auren, ta kai amarya, ta hana angon zuwa ko bakin rijiya. Daga nan labarin ya tsaya cak. Makonni suka wuce, masu karatu na ta cigiya.

Da Basiru ya zo zance ya tambaya, ta daɗe tana murza bakin hijabinta.

"Malam Basiru, na bar shi da rai," in ji ta. "Ga su nan zaune a ɗaki. Ban san me ake ce wa miji mai rai ba."

Ya jinjina kai, ya yi mata sallama da ladabi, ya tura babur ɗinsa har bakin hanya kafin ya tayar. Bai sake zuwa ba.