Zanen Ƙauyen da Aka Ƙone

Ko na manta komai na zamana a Dubai, ba zan manta ranar da aka kawo wasu tsofaffin zane-zane shagonmu na Al Qusais ba. Aikinmu sa wa hotuna gilashi da katako. Wani Bature ne ya kawo su, 'yan ƙanana, ya ce a Turai aka yi su kusan shekara ɗari huɗu da suka wuce: a karce farantin tagulla da allura, a shafa tawada, a danna a takarda. Ni na ɗauka kayan adon falo ne, sai da na ɗora gilashin ƙara girma. Ashe sojoji ne ke cinna wa ƙauye wuta, ana kora shanu, ana jan mata.

A lokacin ɗakinmu ɗaya a Abu Hail da wani ɗan Zamfara, direba ne. Ba a daɗe ba 'yan bindiga suka shiga garinsu suka kashe wansa. Ya yanki tikiti, ya rantse 'yan sa-kai zai shiga ya rama. Na yi magana har bakina ya gaji, in na matsa sai ya ce, "Khalas, shi ke nan, Yaya, bar maganar." Tsoro nake ji ƙwarai, don na san in ya tafi da wannan zuciyar ba zai dawo ba.

Ranar ya biyo shago karɓar makullin ɗaki, ya tarar na jera zane-zanen a tebur bi da bi, don mai su ya ja mini kunne kada in hargitsa jerin. Ya karɓi gilashin ƙara girman ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana cewa haka aka yi musu, har yadda ake kora dabbobin. Can wajen ƙarshe akwai wanda manoma suka yi wa sojojin kwanton ɓauna, suna sara da lauje, wasu na tuɓe wa gawa kaya. Ya daɗe a kansa.

"Yaya, a nan su wane ne namu?"

Na nuna masa masu laujen. Ya girgiza kai, ya ce waɗannan ai ba su da maraba da na farkon.

Gida dai ya je, amma mahaifiyarsa da marayun wansa ya kwaso ya kai Gusau, ya dawo bakin aiki. Tun ranar na gane cewa wanda rashi ke ci ba ya jin wa'azi. Sai ya ga ƙarshen hanyar da ya ɗauka da idonsa, tun bai taka ta ba.