Ɗakin Inna da 'Yan Saƙo

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kakanninmu makiyaya ne da suka zauna a Gammo suka kama noma. Shanun sun ragu, Fulatancin ya tafi, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yi mini magana kai tsaye. In na zo daga Gwarzo, inda nake koyarwa, na durƙusa a bakin ƙofarta na gaishe ta, sai ta amsa tana kallon gefe, sannan ta ce wa autarmu, "A ba baƙon ruwa." Ni ne baƙon. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba sai shekarar da na tashi gyara mata ɗaki.

Soro ne na ƙasa mai rufin azara, wanda aka kawo ta ciki tana amarya. Daminar da ta gabata ya yi yoyo har sai da aka jera kwanuka a ƙasa suna tarar ruwa, gara kuma ta cinye wasu azarun. Burina ɗaya ne: kafin ruwa ya sake sauka Inna ta koma ɗakinta, ta ji ta dawo gida. Da aka gama girbi na sa aka kai ta Garo ita da auta wurin ƙaninta, wato Kawu, na ɗauko magini daga Kabo. Shirina mai sauƙi ne, a kware rufin a sa kwano, a yi wa bango fulasta, shi ke nan.

Kafin a fara na daure na tambaye ta. Na ce, "Inna, yaya kike so a yi ɗakin?" Ta gyara mayafinta, ta dubi bango ta ce, "Allah ya yi albarka." Na jira ci gaba, ba ci gaba. Daga nan komai ya koma ta bakin 'yan saƙo.

Auta ce ta fara. Ta kira ni a waya ta ce Inna ta ce tunda an taɓa, a rushe bangon ƙasar gaba ɗaya a yi na bulo, a buɗe babbar taga. Kaina ya ɗaure. Innar da take toshe 'yar tagarta da tsumma ita ce take son babbar taga? Amma auta ce take kwana da ita, ita take jin abin da ni ba na ji. Na ce a rushe. Na tsaya ina kallon leburori suna dukan bangon da diga, raina ba daɗi, ina ba kaina haƙuri cewa umarnin mai ɗakin ne.

Gini ya kai kafaɗa na koma makaranta. Ranar Asabar na dawo na tarar an toshe ƙofar an mayar da ita taga, an fasa wata ta kudu. Na nemi magini, na same shi yana kwaɓa siminti hankalinsa kwance.

Na ce, "Malam, wa ya sa ka?"

Ya ce, "Kawunka ne ya zo a babur. Ya ce Hajiya ta ce a juya ƙofar, tana so ta riƙa hango masu shigowa daga zaure."

"Ba ka da lambata ne?"

"Ina da ita, Malam. Amma dattijo ya tako ya yi magana, in ce masa tsaya in tambayi ɗanka? Ai ba tarbiyya ba ce."

Ban yi masa faɗa ba, don ni ma da ina wurin "to" zan ce wa Kawu. Na huce fushina a kan mai tifar da ya juye yashi a bakin masallaci, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba.

Sai maganar banɗaki ta taso. Auta ta ce Inna tana kukan gwiwa, ta ce a yi mata a cikin ɗaki. Aka yi. Kawu ya zo ya auna da idonsa ya ce mai zama zai fuskanci alƙibla, Inna kuwa ta ja kunne a kan haka. Aka fasa aka juya. Bai ko bushe ba Goggo, ƙanwar mahaifinmu, ta dawo daga duba Inna, ta tsaya a tsakar gida ta riƙe haɓa. Ta ce, "Masai a ɗakin da take salla? Ta ce ko gawarta kada a shigar mata ciki." Aka toshe shi ta ciki, aka fasa masa ƙofa ta waje. Yau kaji ne suke kwana a wurin.

A lokacin na daina gane ɗakin wa nake ginawa. In na shiga aji ina rubutu a allo, sai in ga ina lissafin ta ina ƙofar take a wannan makon. In waya ta yi ƙara, na san wani ne zai fara da "Inna ta ce." Ban zargi kowa da ƙarya ba. Dukansu suna ƙaunarta, kuma kowa yakan rantse. Sai dai Innar auta tana son zamani, Innar Kawu tana son ganin jama'a, Innar Goggo kuwa ba ta son komai.

Na ga abin ba na ƙare ba ne, na tattara su ukun a gaban Inna a Garo. Muka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi iyali da aiki da sanyi, aka sake tambayar hanya. Na ce wa auta ta tambayi Inna a gabana, ƙofa da taga da komai, wanne ne nata. Auta ta tambaya. Inna ta ja carbi ta ce, "Duk yadda aka yi daidai ne." Kawu ya gyaɗa kai ya dube ni, wai ka ji ko. Goggo ma ta gyaɗa kai. Auta har da murmushi. Na koma gida a ruɗe fiye da yadda na zo.

Hadari ya fara haɗowa ta gabas, muka ƙarasa a gurguje. Aka buga kwano da silin, aka shimfiɗa tayil, aka shafa shuɗin fenti wanda har yau ban san wa ya zaɓa ba. Ɗaki ya yi kyau, ba ƙarya. Maƙwabta suna ta shigowa kallo suna sa mini albarka.

Da hantsi aka dawo da ita. Ta sauka daga mota, ta ratsa zaure, ta miƙe kai tsaye inda ƙafarta ta saba, sai ta ci karo da taga. Ta tsaya. Auta ta kama hannunta ta zagaya da ita ta kudu. Ta cire takalmi, ta taka tayil a hankali kamar mai shiga rafi. Ta kai hannu bango inda alkukinta yake a da, ramin bangon da take ajiye fitila da man zafi, ta shafa sumul. Ana ta "Ma sha Allah" a bayanta, ni ina durƙushe a bakin ƙofa ina jiran a ce a ba baƙo ruwa.

Sai ta juyo ta dube ni. Ni ɗin, a fuska.

Ta ce, "Kai, ina ɗakina?"

Na waiwaya. Kawu yana duba silin, Goggo tana gyara ɗankwali, auta ta sunkuyar da kai. Tun ina yaro nake ɗokin ranar da Inna za ta dube ni ta tambaye ni wani abu, ko mene ne. Ga ranar ta zo.

Na ce, "Shi ne wannan, Inna."

Ta ɗan jima tana kallona. Sannan ta ce, "To," ta mayar da idonta gefe.