Fa'izu Mai Kallon Hannu

A unguwar masu jirgi ta Wara, in kana son ɓata wa Gidaɗo rai da sassafe, ambaci sunan Fa'izu. Mijin ƙanwarsa Mardiya ne, kuma katanga ɗaya ta raba gidajensu. Shekara ashirin yana kallon mutumin nan, bai taɓa ganin ya ɗauki abu da yatsa biyu ba, sai dai da hannu bibbiyu har da haƙori.

Fa'izu direban jirgi ne mai inji, yana ƙetarar da 'yan kasuwa tafkin Kainji. Yana saurayi sigari ya kama, har leɓensa ya koma gindin tukunya. Aka yi ta faɗa ya bari, ya koma karta. Ya bar karta ya faɗa shayi, kofi tara a wuni. Duk wanda ya bari sai unguwa ta yi masa barka, kafin a rufe baki ya samo wani. Gidaɗo dai bai taɓa yi masa barka ba. A cewarsa akuya ce ta sauya gona.

Na ƙarshe shi ne ci, kuma shi ya fi muni, don ba a ce wa mutum ya daina ci ɗungurungum. A gida ƙosai, a bakin ruwa masa, a tsakiyar tafki hannu ɗaya a kan inji ɗaya cikin ledar soyayyen kifi. Ran kasuwa sai ya zagaya bayan rumfar masu banda ya tashi da tarwaɗa shida shi kaɗai, yana waige-waige, ya kora da lemon kwalba. Ba yunwa ba ce, shi ma ya sani. In ya gama sai ya zauna yana haki yana jin haushin kansa, gobe kuma ya koma. Har fasinjoji sun koyi matsawa gaba, don in ya zauna a baya goshin jirgin sama yake kallo.

Wata rana ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa, wata biyu gyambon bai rufe ba. Likita ya ce ciwon suga ne, ya ba shi magani, ya ce in bai gyara cinsa ba ƙafar nan yanke ta za a yi. Mardiya ta zo wa yayanta da kuka.

"A yanke ta mana," in ji Gidaɗo, "ko jirgin shi samu sauƙi."

A layinsu har yau ana ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci ya fito da kwanonsa ƙofar gidan babba, a haɗa a ci tare. Babban shi ne Wakili, tsohon masunci, siriri, loma goma ya tsame hannu. Shi ya kira Fa'izu.

"Kai ba ka san ƙoshi ba, to ari nawa. Zamna kusa gare ni, sahe da dare. In nis sa hannu ka sa, in nit tsame ka tsame. Da rana abin da Mardiya taƙ ƙunsa maka, kuma gaban mutane, ba bayan rumfa ba."

Fa'izu ya kama wannan kamar yadda ya kama sigari. Ƙato mai 'ya'ya biyar, ga furfura a gemu, ya zauna ya kafa wa hannun tsoho ido. Abin nan yana ƙona wa Gidaɗo rai. Wai namiji ne sai an ara masa ciki! Amma gyambon ya fara bushewa, wando ya fara zamewa daga ƙugu. Gidaɗo ya gani, ya kau da kai.

Da damina Wakili ya kwanta ciwo. Ana fito da shi a jingina shi da bango, ya yi loma biyu ya tsame. Sakaran ma sai ya tsame, ga shi yana shan maganin suga. Kwana huɗu a haka, jiri ya ɗebe shi a kan inji, saura ƙiris ya faɗa ruwa. Daga ranar Wakili ya daina tsamewa da wuri. Sai ya bar hannunsa a kwano yana murza loma ɗaya wadda ba zai iya haɗiyewa ba, har ya ga Fa'izu ya ci daidai. Gidaɗo ya ji kamar ya mari Fa'izu. Ko kunya babu, mai jinya ne ke renon mai lafiya.

Bayan sadakar bakwai ta Wakili, ciyayya ta dawo ƙofar Gidaɗo, don shi ne babba yanzu. Da la'asar Mardiya ta tare shi a soro.

"Yaya, sau biyu anka gane shi bayan rumfa. Ƙafar ta soma ruwa."

"To mi zan yi mishi? Ni ban kiwon ƙato."

A ranar nan tuwon shinkafa aka yi a gidan Gidaɗo, da miyar ragon ruwa, ga kan kifin kwance a tsakiya. Shi kuwa Gidaɗo, a faɗi gaskiya, bai taɓa tashi daga kwano ba sai ya ga gindinsa. Ya yi bismilla ya sa hannu. Sai ya ji mutum ya matso kusa da shi, ya miƙe ƙafa mai ɗauri da tsumma. Ko bai juya ba ya san inda idanun suke.

Ya yi loma goma, miya ta fara ratsa shi. Ya dubi kan kifin. Ya dubi tsumman, ga danshi ya ɓullo ta gefe. Ya ja tsaki mai tsawo.

"Allah wadaran wanga hali naka," ya ce, ya tsame hannu.

Fa'izu ya tsame. Gidaɗo ya jawo ruwan wanke hannu yana kallo wani ya ɗauke kan kifin, cikinsa ko rabi bai kai ba.