Dattijo Mai Jirgin Zare Biyu

A shekarar 1991 na ajiye alli, na fara fita yawon la'asar zuwa gindin dutsen Kufena. A can nake ganin wani dattijo wanda ban san sunansa ba. Dogo ne, rigarsa a goge, yana jan ƙafar hagu. Yakan zo da jirgin wasa na yadin laima, mai zare biyu. In an ja zaren dama, jirgin ya karkata dama. In an ja na hagu, ya karkata hagu. Ba ya tsayawa a sama sai hannuwa biyu sun daidaita.

Shi kuwa hannunsa na hagu ya shanye. Yakan ɗaure zaren a wuyan hannun da haƙoransa, ya jingina jirgin da suri, ya ja da baya. Jirgin ya tashi, ya bi hannun da ke da ƙarfi, ya wulwula, ya kifa cikin kunyar gyaɗa. Ina zaton tela ne a da, domin ɗinkin jirgin ba na ɗan koyo ba ne.

Wani manomi ya ce masa, "Haba Baba, da furfurarka? Bar wa jikoki mana!"

Ya ce, "Ɗana, ranar da ya juya hagu, zan koma kan keken ɗinkina."

Ban taɓa ganin ya juya hagu ba. A yau dattijon yana zuwa, amma a zaune yake har magariba, jirgin a naɗe bisa cinyarsa.