Akwatin Ɗan Fari

Ƙanena da ke aiki a Burusel, can Turai, shi ne ya kawo maganar a waya, wata biyu kafin hutun lakwal, wato makarantar boko. Wai in kai masa yarana biyu mu yi kwana goma, su ga gari, su hau jirgin ƙasa, mu dawo. Bakina ya ce to, zuciyata ba ta ce ba. Shekara ashirin ina koyarwa a Illela, na san yaro in ya kai goma sha bakwai, abin da ke bakinsa daban, na cikinsa daban.

Yarinyar ba ta dame ni ba. Shekararta goma sha huɗu, ba ta iya ɓoye komai. Tun ranar ta ɗauko littafi ta rubuta abin da za ta gani: shagon cakulan, matakala mai tafiya da kanta, da ƙanƙara, ko da yake kawunta ya ce lokacin zafi za mu je. Yayanta ne matsalata. Shi ne ɗan farina, kuma yadda aka rene ni, ban taɓa kiran sunansa ba, ban saba zama hira da shi ba. In ina da magana, ƙanwarsa nake aika. Ita na sa ta gaya masa tafiyar. Ta dawo ta ce bai ce komai ba, sai dai ya tambaya ko babansu zai je. Na ce ba zai je ba, ga damina, ga aikin ofis.

Daga nan na sa masa ido. Muka je Ƙonni ɗaukar hoton fasfo, yarinya sai washe baki take har mai hoto ya gaji, shi kuwa fuska a ɗaure. A kasuwa na saya masa akwati babba, na ba tela ɗinki kala huɗu, don kada a raina mu a ƙasar mutane. Yarinyar na ce kayanta za su shiga jakata. Ya daɗe yana kallon akwatin kafin ya ɗora shi a ka zuwa tasha.

Cikin sati guda ya raba tantabarunsa ga abokai. Kekensa ya koma gidan maƙwabta. Sai kuma ya sa ƙanwarsa ta tambayi kawu ko sanyin can yana da tsanani. Mai kwana goma a lokacin zafi, me ya haɗa shi da sanyi? Na ce ruwa ba ya tsami banza. Na san samarin da suka bar ƙauyenmu Tajaye da sunan ci-rani, ga damina ta biyar babu labari, na kuma san yadda iyayensu mata suke kallon motoci ranar kasuwa. Ni da hannuna zan kai nawa bakin ƙofa ya sulale? Tsoro ya kama ni sosai.

Na karɓe fasfonsa na kulle. Yana wanka na bincika wayarsa, ban ga komai ba, rashin ganin ma ya ƙara mini zargi. Har ƙanena na zarga, na ce ko sun haɗa baki ne. Na yanke a raina ranar Juma'a zan kira ƙanen nawa in ce an fasa.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga Inna, mahaifiyata, daga Tajaye a bayan kabu-kabu, ita da ba ta fita in ba suna ko gaisuwar mutuwa ba. Ko zama ba ta yi ba ta hau ni da faɗa.

"Ke, wane irin hali na wanga? Za ki ba da yaro riƙo, ba ki hwaɗa mani ba?"

Na ce wane riƙo kuma.

"Mijin nawa ya zo jiya, ya duƙa ya ce in gahwarta mishi, wai kin sai mishi akwati. Ya ce in ya daɗe, in riƙa leƙo ki."

Sai na nemi turmi na zauna. Ina shekara tara aka ce mini za mu Dogarawa biki, kwana biyu. Aka ɗinka mini sabbin kaya, aka saya mini ɗan akwatin ƙarfe. Da biki ya watse Inna ta hau mota ba ni, na zauna wurin gwaggo shekara bakwai. A danginmu ba a gaya wa yaro, akwati ke gaya masa. Labarin na sha ba wa yarinyar ina yi mata kitso, har da dariya, shi yana can gefe yana watsa wa tantabaru dawa. Ban taɓa zaton yana ji ba. Inna ta dube ni, ta gane abin da na tuna, ta kau da kai ta ce a ba ta ruwa.

Da la'asar yaron ya dawo. Har na buɗe baki zan kira ƙanwarsa, sai na ga aiken ne ya kawo mu nan. Na ɗauko fasfon na tafi ƙofar ɗakinsa da kaina. Sunan dai ya ƙi fita.

"Kai. Kwana goma na. Tare za mu tahi, tare za mu komo."

Ya sunkuyar da kai. "Akwatin hwa, Mama?"

"Tsarabar mutanen Tajaye za mu zubo ciki."

Ya murza gefen tabarma, sannan ya ce a hankali, "Da ma na ce in kin gaji da ni na, ba ni yin gardama."

Na ajiye masa fasfonsa a kan akwatin, na ce ya tashi ya karɓo tantabarunsa kafin magariba.