Ƙwayar Maƙoƙo da Tururuwar Goggo

Ina da tabo a wuya, layi ɗaya siriri, wanda sarƙa take rufewa idan na ga dama. Tabon aikin maƙoƙo ne. Shekara biyu kafin aurena aka yi mini aikin, aka sallame ni da wata 'yar ƙwaya fara da ba ta fi ƙwayar dawa girma ba. Likita ya ce abin da aka cire shi ke yi wa jiki wani sinadari, ormon ya kira shi da Faransanci, kuma tunda babu shi yanzu, ƙwayar ce za ta tsaya a madadinsa. Kullum da safe, kafin in sa komai a baki, har iyakar raina. Na sha ta ina budurwa, na sha ta ina amarya a unguwar Jambutu a nan Garwa, na sha ta wata tara da ciki, ba wanda ya ce mini kanzil. Sai da na haihu magana ta tashi.

Haihuwar fari ce, namiji, don haka gidanmu na unguwar Rumde Ajiya na koma wankan jego wajen Inna, mahaifiyata. Maigidana ɗan kasuwa ne, kwana biyu a Garwa, sati a hanya, ba shi cikin wannan labarin. Rana ta uku Goggo, yayar babanmu, ta iso daga garin Ngong da ƙullin kanwa da buhun gyaɗa. Goggo irin matan nan ce da ko miyar maƙwabta suka ɗanɗana sai sun faɗi abin da ya rage a ciki. Ina sonta, amma ni da ita ba ma awa ɗaya a ɗaki ba mu yi ba.

Ta tarar da yaron yana tsala kuka. Ta juya shi, ta leƙa bakinsa, ta ce a ba ta ƙoƙo. Ta sa na tatsa nono a ciki, ɗan kaɗan, mai kauri, rawaya-rawaya. Sannan ta fita gindin darbejiyar tsakar gida ta kamo tururuwa ta jefa. Haka ake gwada nonon mai jego a wajensu: in tururuwa ta yi iyo ta fito, nono lafiya lau, in ta mutu a ciki, nono ya ɓaci. Muka zuba mata ido mu uku. Ta yi 'yan mutsu-mutsu, ƙafafunta suka manne, ta tsaya cak.

Goggo ta ce, "To, kun gani dai. Me take ci?"

Idonta ya faɗa kan kwalin maganina a bakin taga. Shi ke nan, an kama ɓarawo. Ta ce maganin Nasara ne ya bi jini ya sauka a nono, kuma a cire yaron tun wuri a sa shi a madarar shanu, akwai Fulani a bayan gari.

Na ce, "Goggo, tururuwa ce za ta fi likita sani? Ita a wace makaranta ta yi karatu?"

Ta ce, "Ke dai bakinki ya fi ki girma. Da wannan tururuwar aka gwada nonon da ubanki ya sha."

Abin da ya ba ni mamaki Inna ce. Inna ba ta musu da dangin miji, shekara talatin ban taɓa jin ta ɗaga wa Goggo murya ba. Ranar nan ta karɓe yaron daga hannun Goggo ta ɗora mini a cinya, ta ce, "Yaya, yaron nan ba za a raba shi da nonon uwarsa ba. Ko za a yi me, ba za a raba shi ba. In magani ne ya ɓata nonon, a bar maganin."

Na so in yi gardama. Amma gaskiya ɗaya ce, tsoro ya riga ya shige ni. Na ga tururuwar nan da idona. Duk bokona da Faransancina, da na kalli ɗan bakin yaron yana laluben nono, sai na ji ba zan iya haɗiye ƙwayar in ba shi ba. Ba wanda ya ƙwace mini, ni da hannuna na miƙa wa Inna kwalin, ta jefa shi cikin wata tsohuwar langa a saman kabad. Na ce a raina in an yi arba'in na koma sha. Likita bai zo mini a rai ba, kuma wannan wautar tawa ce, ba ta Goggo ba.

Sati biyun farko ba abin da na ji. Goggo ta koma Ngong tana cewa ai ga shi nan. Daga nan jikina ya fara mutuwa. Watan Afrilu ne, zafin Garwa da kowa ke kwana a tsakar gida, ni kuwa ina neman mayafi. Ruwan wankan da masu jego ke gudu saboda zafi, ni ba na son a gama. Fuskata ta kumbura, masu zuwa barka suna cewa jego ya karɓe ni. Ina ba da nono ina gyangyaɗi. Inna ta dage da kunun kanwa da farfesu, ina sha, amma nonon sai ja da baya yake. Yaron ya kama ya tsotsa ya tsotsa, ya saki ya yi kuka. Daga baya ma kukan ya ragu, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali. Rigar da aka sa masa ranar suna, har muka yi arba'in ba ta matse shi ba.

Ranar rigakafi muka je asibiti ni da Inna. Ungozomar da ke awo wata dattijuwa ce Kirista daga ƙauyukan kan duwatsu, Hausarta ta kasuwa ce, a tsaye take ba lanƙwasa. Ta ɗora shi a sikeli, ta duba karne, wato ɗan littafin awonsa, ta sake ɗora shi. Ta ce, "Yaro bai hau ba." Sai ta ɗago ta kalle ni, ta kalli wuyana, ta kai yatsa ta ture sarƙar.

"Ina maganinki na wannan?"

Inna ce ta ba ta labari, har da ƙoƙo da tururuwa.

Matar ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce ƙwayar nan ba baƙuwa ba ce a jiki, abin da wuyan kowace mace ke yi ne da kansa, nawa ne aka cire. Ɗan abin da ke shiga nono bai taka kara ya karya ba, kuma akwai irinsa a nonon kowace uwa. Rashinsa ne ke busar da nono. Ta ce ba duk maganin ormon ne ɗaya ba, akwai wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa da kan rage nono, shi ya sa ake tambaya kafin a sha, kuma ake tambaya kafin a bari. Ta rubuta mini takardar gwajin jini, ta ce in ga likita a ranar, kada in kai gobe.

Har mun miƙe, Inna ta ce, "Madam, to ita tururuwar fa? Ta mutu a gabanmu."

Ungozomar ta ce, "Mama, nonon farko kauri gare shi, shi ya fi kowane amfani ga jariri. Tururuwa ta faɗa abu mai kauri, ina za ta fita? Ko a zuma kika jefa ta, mutuwa za ta yi."

Inna ta ce, "Ko nonon lafiyarsa ƙalau?"

"Ko lafiyarsa ƙalau."

Likita ya mayar da ni kan maganin, ya ce a riƙa kawo yaron awo duk sati, ya nuna mana yadda za a taimaka masa kafin nonon ya dawo. A hanyar gida ina ta shirya maganar da zan aika wa Goggo. Na tanadi kalmomi masu zafi, wallahi.

Da muka shiga gida, Inna ta hau kujera ta sauko da langar, ta goge kwalin da bakin zanenta, ta ajiye mini. Sannan ta zauna a bakin gado, ba ta cire mayafi ba. Na san tun ina yarinya cewa akwai wani wana da ya koma tun yana jariri, kafin a haife ni, amma ba a taɓa gaya mini yadda aka yi ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Ta ce, "Ni ma an gwada nawa. Kwana uku da haihuwar wanki. Tururuwar ta mutu, aka ɗauke shi aka sa shi a madarar shanu, ana ɗura masa da ludayi. Ni kuma nono yana zuba har yana jiƙa mini zane, ina tatsewa ina zubarwa a bayan ɗaki. Gudawa ta kama shi. Bai kai wata biyu ba."

Na ce, "Inna."

Ta ce, "Duk shekarun nan na ɗauka guba ce a jikina a lokacin. Ashe da an bar mini shi."

Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta cire mayafin, ta tafi hura wutar ruwan wanka. Saƙon da na shirya wa Goggo ban aika ba, har yau.

Nonon ya dawo a hankali, sai da aka ɗauki makonni. Yaron yanzu yana aji uku, ci gare shi kamar gara. Amma har na bar gidan na koma Jambutu, kullum da an sallame sallar asuba Inna za ta shigo da kofin ruwa da ƙwayar a tafin hannunta, ta tsaya a kaina sai ta ga na haɗiye, sannan ta ɗauko yaron ta ɗora mini a cinya.